Bencin Bayan Taga

Tun da na dawo daga Keffi ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu ta ƙofar gidan tela ba. Da na ɗaga kofi sai wani ya ce, "Mushe Isuhu, wai da gaske ne tun daga Maraɗi ka tashi ka je Najeriya don ka rufe wa yara lakwal?" Mushen nan laƙabin malanta ne, tun ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, ya bi ni. Wani kuma ya ce shi ji ya yi an kama ni a kan iyaka da kwalin takardun sirri. Na gaji da ba kowa guntun labari ana kai shi gaba ana ƙara masa gishiri. Ga shi nan duka, daga fita har komowa. Wanda ya sake tambayata bayan wannan, shi zai sayi gawayi.

Wata ƙungiya ce a Abuja take tallafa wa wani shiri a Keffi, na yaran sakandare waɗanda ƙafarsu ɗaya ta riga ta fita daga makaranta: masu faɗuwa jarrabawa, masu fashin aji saboda talla ko acaɓa, da waɗanda iyayensu suka fara cewa karatun nan ɓata lokaci ne. Ana yi musu darasin yamma, can suna ce masa lesin, kuma kowane yaro an haɗa shi da wani babba a gari da zai riƙa bibiyarsa kamar ɗansa. Ƙungiyar ta ce kafin ta ci gaba da sayen alli da littattafai da ba malamai na mota, sai ta san ko abin yana aiki. Tana neman mai aunawa wanda yake jin Hausa, ya san lissafi, kuma ba shi da ko ƙanen kaka a Keffi. Wani tsohon ɗalibina ya ba da sunana, tun da na yi ritaya ba ni da aiki sai gyara wa mutane magana.

Wani saurayi daga ofishinsu ya yi mini bayani ta waya. Tun farkon shekara an jefa ƙuri'a an raba yaran gida biyu. Rabi suka shiga lesin, rabi aka ce su jira. Aikina in ba su jarrabawa iri ɗaya. Idan na ciki sun fi na waje, shiri ya ci gaba. Idan babu bambanci, ke nan lesin ba ya ƙara komai, sai a janye hannu. Abin ya burge ni ƙwarai. Na ce yau ga mutanen da suka san yadda ake aiki, ba a zo da surutu ba.

Suka turo tambayoyin, na buga su a nan Maraɗi, na zuba a kwali na naɗe shi da salatif kamar mai karaya. Saurayin ya ja mini kunne kada kowa ya ga takardun sai ranar jarrabawa. Ban ko fita ƙasarmu sosai ba aka gan su. Muna ƙetare iyaka wani mai kaki ya ƙwanƙwasa kwalin da sanda ya ce mene ne a ciki. Na ce sirri ne. Da na san haka kalmar take tada hankali a bakin iyaka, da cewa na yi kilishi ne. Nan da nan aka sauke ni, aka kira babbansu, aka farke salatif ɗina da wuƙa.

Babban ya zaro takarda ɗaya ya karanta. Tambaya ce a kan wani tanki da famfo ɗaya yake cika shi, wani kuma yake zubar da ruwan. Ya ari biro. Na biyu ya leƙo ya ce ba haka ake yi ba. Na uku ya ce ai duk wanda ya bar famfo a buɗe yana cika tanki, shi ya kamata a fara kamawa. Direbanmu yana ta danna oda, fasinjoji suna tsine mini, su kuma sun manta da ni sun dukufa a kan tanki. Daga ƙarshe babban ya ce ba inda za ni sai na faɗa musu wa ya yi daidai. Na duba na ce shi ne, ko da yake duk cikinsu ba wanda ya kama hanya. Ya miƙo mini kwalina yana murmushi, ya tambayi inda zan kai shi, na ba shi labarin lesin. Har na juya ya ce, ƙasa-ƙasa, yana da yaro a gida da lissafi ya gagara, ko lesin ɗin nan yana da sauran wuri.

Daga Katsina zuwa Kaduna ba abin da ya faru sai wata tsohuwa da ta yi barci a kafaɗata tun daga Funtuwa, ta farka a Zariya ta ce in gyara zama ina takura mata. Na kwana a Kaduna gidan wani ɗan garinmu mai sayar da agogo, washegari na kama hanyar Abuja. Amma in kuna son ganin abin mamaki, sai a Mararaba, tsakanin Abuja da Keffi. A nan mota ba ta tafiya, zama take yi. Wanda ke kusa da ni ya sauka ya ce in riƙe masa wuri. Na ɗauka fitsari zai yi. Can sai ga shi ya dawo da sabon aski, ya tarar mun matsa kamar tsawon tabarma. Ba wanda ya yi mamaki.

A tashar Keffi an ce mini za a zo tarona. Na sauka da kwalina da buta da rawanina, na ga wasu mutane a tsaye da ruwan gora mai sanyi da laima, da yara cikin kayan makaranta riƙe da furen roba. Suka wuce ni suna leƙa cikin mota. Suka sake wuce ni. Wata dattijuwa, gajera mai faɗin kafaɗa da tabarau rataye a wuya, ta ce mini, "Baba, don Allah matsa kaɗan, muna jiran baƙo daga ƙasar waje."

Na ce, "Ni ne."

Ta dube ni tun daga rawani har silifa. Ashe an ce musu mai bincike daga ƙasar waje yake, su kuma suka ɗauka Bature ne, har an koya wa yara waƙa da Turanci. Ta ce, "Nijar?" Na ce Nijar. Ta yi dariya har sai da ta dafa mota, sannan ta ce wa yaran tun da an sha wahalar koyon waƙar, a yi ta kawai. Haka na tsaya a tsakiyar tasha da buta a hannu ana yi mini waƙar da ban ji ko kalma ɗaya ba. Wannan ita ce Madam Rifkatu, tsohuwar shugabar makaranta, ita ce mai kula da lesin. Muryarta kuwa, in tana magana da kai a kusa, sai ka waiga ka ga ko da wani take a bayan gari.

Aka sauke ni a wani masauki a Gangaren Tudu. Daga gabas masallaci, daga yamma coci, kowanne da lasifikarsa, a tsakiya kuma janareton masaukin yana ƙoƙarin raba su. Ban ga ana faɗa ba. Mai masaukin ma cewa ya yi shi da kiran asuba yake tashi ya shirya zuwa coci. Da safe na ce a kawo mini shayi, sai ga wani kofi kamar bokiti, fari fat da madara, da burodi kamar matashin kai. Na ce ina shayin? Aka ce shi ke nan. Na bayyana musu cewa a wurinmu shayi ɗan mitsitsi ne, baƙi, mai ɗaci, ana dafa shi sau uku ana hira. Yarinyar da ta kawo ta ce, "Ayya, Allah ya kawo muku sauƙi."

Abinci kuwa doya ce. Da safe soyayya, da rana dafaffiya, da yamma a daka ta a ce sakwara. Na tambayi hura aka nuna mini wata a cikin roba daga firij, an sa mata suna da Turanci. Ga wata miya mai yauƙi da ba ta yarda ta rabu da kwano, in ka ɗaga loma sai ta biyo ka har baki ta koma. Na ɓata riga biyu kafin in gane ana yanke ta da yatsa. Hausarsu ma daban. Akwai masu ce mini "ke" ba da niyyar raini ba, ni kuma da na ce lakwal sai a fashe da dariya a ce in sake faɗa. Mun yi canjaras.

Ranar da na fara zuwa lesin, a wata makaranta a Tudun Ƙofa, na zaunar da Madam da wani Alhaji Tanimu, mai shagon atamfa a unguwar Yara, wanda shi ne babban masu bibiyar yaran. Na yi musu bayanin aikina dalla-dalla kamar yadda aka yi mini. Na ce abin da za a duba kawai shi ne tazarar da ke tsakanin na ciki da na waje. Ina magana ina ganin fuskar Madam tana sauka. Alhaji ya cire hula ya leƙa cikinta ya mayar.

Madam ta ce, "Malam, in na waje ma sun ci fa?"

Na ce, "Ta yaya za su ci, ba a koya musu ba?"

Madam ta kalli Alhaji. Aka kaɗa ƙararrawa.

Yara suka shiga aji suka zauna. Madam ta ɗauki alli, amma maimakon ta fuskanci yaran sai ta karkata wajen taga, ta buɗe murya kamar mai sanarwar ɓatan akuya. Na leƙa. A bayan tagar akwai wani dogon benci a inuwar mangwaro, cike da yara, kowa da littafi a cinya. Waɗanda ba su sami wuri ba suna tsaye. Wata yarinya doguwa siririya a bakin tagar ita ke kwafe abin da ke allo tana miƙa wa na baya. Madam ta yi tambaya, ba wanda ya amsa a ciki, sai hannu ya shigo ta taga.

Na ce, "Madam, su wane ne waɗannan?"

Ta ce, "'Yan taga. Su ne ƙuri'a ba ta faɗa wa ba."

"Ai an ce kada su shiga lesin!"

"To sun shiga? Duba ƙafarsu. Ko ɗaya ba ya ciki. An ce kada su shiga aji, ba a ce in yi raɗa ba. Ni haka Allah ya yi muryata."

Raina ya ɓaci, na juya kan Alhaji na ce to ɓangaren bibiya fa, ina fata shi bai zube ta taga ba. Ya ce shi yaro ɗaya aka ba shi, kuma ya riƙe amana. Sai dai yaron ba ya zuwa shago shi kaɗai, da abokinsa yake zuwa, abokin kuma da ƙanwarsa. Ya ce, "Malam, in zauna ina tambayar yaro ɗaya ya makaranta, ɗan maƙwabcinsa yana tsaye yana kallona, in yi kamar ban gan shi ba? Gobe da wane ido zan dubi ubansa a masallaci, ko in matarsa ta zo sayen zane?" Haka duk sauran suka yi. An ba kowa ɗa ɗaya, kowa ya tashi da garke. Har wani fasto an ce yana bibiyar 'ya'yan liman, saboda katangarsu ɗaya.

Na ce musu sun ɓata gwaji tun daga tushe. Na faɗa da zafi, don ni mutum ne mai son abu ya tafi a kan layi. Madam ta ce ta ji, in je in huta, za su san abin yi.

Abin yin nasu na gan shi washegari, da na iso da wuri. Na tarar an tara 'yan taga a gindin mangwaro, Madam a gabansu da allo, Alhaji a gefe da sanda. Darasin faɗuwa ake yi. Wallahi da kunnena na ji. Tana cewa, "Kada ku bar takarda fara, za a gane. Ku rubuta, amma ku kauce. In amsa goma ce, kada ka sa dubu, wannan hauka ne, ba rashin sani ba. Sa sha biyu." Alhaji kuma shi ke koyar da fuska: yadda ake sosa ƙeya, yadda ake cizon biro a dubi rufi. Ya kira wani yaro ya gwada, ya ce a'a, wannan sosawar ta mai ƙwarƙwata ce, a sake. Wani ya ɗaga hannu ya ce shi fa Madam abin ya yi masa wuya, don sai ya fara gano amsar gaskiya kafin ya san inda zai kauce. Ta ce to ka ga amfanin lesin ke nan.

Na yi gyaran murya. Ba wanda ya ji kunya. Na ce zan rubuta wannan a rahotona. Madam ta ce, "Rubuta, Malam. Mu ba mu ce ka yi ƙarya ba. Kai baƙo ne, ba ma sa baƙo aiki. Mu za mu yi, kai dai ka auna abin da ka gani a takarda." Na shekara talatin da wani abu ina kama masu satar amsa don su ci. Ban taɓa sanin ranar da zan tsare masu satar faɗuwa za ta zo ba, kuma ban san ta inda ake kama su ba.

Ana cikin haka sai ga wani mutum ya jingine keke, ya cire hula tun daga nesa ya durƙusa ya gaishe ni. Sunansa Ɗanjuma, manomi ne, uban doguwar yarinyar nan ta bakin taga, Saratu. Ya ce ya ji an kawo mai jarrabawa daga wata ƙasa, wanda bai san kowa ba, shi ya sa ya zo. Ya ce, "Ranka ya daɗe, malaman nan mutanen kirki ne. Kullum in na tambaya sai su ce tana ƙoƙari. Bara ma da ta faɗi cewa suka yi tana ƙoƙari. Ƙanwata tana da wurin sayar da abinci a Mararaba, ta daɗe tana roƙo in ba ta Saratu ta taya ta. Ni ban yi karatu ba, ba ni da yadda zan gane. Amma kai ba za ka ji kunyata ba. In ta ci a hannunka, ta zauna ta gama. In ta faɗi, ranar kasuwa zan sa ta a mota, kada in cuce ta da zaman banza."

Alhaji ya ja shi gefe don ya warware masa. Ina jin su. Ya ce wannan jarrabawar daban ce, a wannan faɗuwa ita ce taimako. Ɗanjuma ya ce, "Wato in ta faɗi ta ci?" Alhaji ya ce a'a, in ta faɗi su ne suka ci. "In ta ci fa?" Alhaji ya ce to sun faɗi. Ɗanjuma ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Alhaji, ina ganin girmanka, amma tun da nake ban taɓa jin makarantar da ake roƙon uba ya bar 'yarsa ta faɗi ba. Ni takardar baƙo zan duba." Ya hau kekensa.

Dab da magariba ina zaune a ƙofar masauki ina fama da bokitin shayi, sai ga Saratu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta daɗe tana murza bakin ɗankwali. Sannan ta ce, "Sa, in na ci za a rufe lesin. In na faɗi Baba zai kai ni Mararaba. Wanne zan yi?"

Na ce mata takardar mutum ɗaya ba ta juya sakamakon taro, ta rubuta abin da ta sani. Ta girgiza kai. Ta ce 'yan taga sun yi shawara, ba za su bari ta ci ita kaɗai a ce ita ce ta ci amanar Madam ba. Abin da ta yi shi za su yi, ko duka su ci ko duka su faɗi. Ta ce, "Madam ta yi shekara tana ihu saboda mu, har muryarta tana dushewa ta sha zuma ta dawo. Kuma ni ina so in gama, Sa. Ni ce ta fari a gidanmu da ta kai nan."

Ku da kuka san ni kun san ba a yi mini tambaya in rasa amsa, ko ban sani ba sai na ƙago. Ran nan na rasa. Tausayinta ya kama ni, haushin kaina ma ya kama ni, ni da na yi ta yabon tsarin nan ina cewa ba surutu a cikinsa. Na ce ta je gida, Allah ya zaɓa mafi alheri. Ita ma ta san ba amsa na ba ta ba.

Ranar jarrabawa na haɗa su duka a babban aji, na ciki da 'yan taga. Ranar ce 'yan taga suka fara taka cikin ajin, har wasu suna cire takalmi a ƙofa. Na kori duk malamai waje, haka doka ta ce. Madam ta rasa inda za ta zauna, sai ta zagaya ta zauna a kan bencin bayan taga. Ɗanjuma yana gindin mangwaro da kekensa, ya sa rigar zuwa coci.

Na raba takardu. Na ciki suka dukufa. 'Yan taga kuwa suka fara aikin da aka koya musu, kuma sun koya da kyau: ko'ina sosa ƙeya, ko'ina cizon biro, idanu duk a rufi kamar ana jiran ruwa ya zubo. Wani har da nishi. Amma na lura ba mai rubuta komai. Kowa yana satar kallon Saratu. Ita kuma ta riƙe biro a kan tambayar tankin nan, ba ta rubuta daidai ba, ba ta rubuta kuskure ba. Hawaye ne kawai yake ɗiga a kan takardar, tana sharewa da gefen hannu kada ta jiƙe.

Na dubi taga. Madam ta sa tabarau tana kallon yarinyar. Ta waiga ta dubi Ɗanjuma, ta sake duban yarinyar. Sai ta miƙe ta dafa bakin tagar da hannu biyu, ta saki muryar nan tata da ake ji har Yara.

"Saratu! Rubuta abin da kika sani! Dukanku, ku bar sosa kan nan, kun ishe ni. Duk wanda ya faɗi da gangan, ni da shi ne!"

A doka, malamin da ya yi magana da masu jarrabawa ta taga, korarsa ake yi a soke takardu. Ni a lokacin wani abu ya faɗa mini a ido, na juya ina goge shi da rawani. Da na waigo ba ka jin komai a ajin sai ƙarar biro.

Na yi makin a gaban kowa a gindin mangwaro. Babu tazara. In ma akwai, 'yan taga ne suka ɗan ɗara, Alhaji ya ce ai dole, wanda yake ji daga nesa ya fi kasa kunne. Saratu ce kaɗai ta warware tankin tun daga sama har ƙasa, abin da ya gagari masu kaki uku. Na miƙa wa Ɗanjuma takardar. Ya riƙe ta a juye, na gyara masa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba don kunya ba?" Na ce ni daga Maraɗi nake, ban san shi ba, ban san kakansa ba, 'yarsa ta ci. Ya ninke takardar ya sa a cikin hula ya mayar da hular kansa. Madam kuwa ta ce tun da an gama kashe ta, a zo a ci sakwara.

A rahotona ban ɓoye komai ba. Na sa benci, na sa taga, na sa garken Alhaji, har darasin faɗuwa na sa. Na rubuta cewa ban sami bambanci ba domin ban sami yaron da aka bari ba a taimaka masa ba, na nema a gari ban samu ba. Saurayin Abuja ya kira ni bayan na dawo, yaro mai ladabi, muryarsa kamar zai yi kuka. Ya ce ya karanta har sau biyu, ya kuma kai wa manyansa, amma su abin da suke dubawa shi ne tazara, kuma tazara babu. Sun janye tallafin. Na ce masa to a ba su shawara, in za su sake irin wannan gwajin su nemi garin da mutane ba sa gaisawa.

Wannan shi ne asalin maganar da kuke yi cewa na rufe lakwal. Ta dame ni, ba zan ɓoye muku ba. Na yi kwanaki ina ɗaukar waya ina ajiyewa kafin in iya kiran Madam. Da ta ɗauka sai da na nisanta wayar daga kunne. Ta ce alli yanzu Alhaji ke saye yana mita, malamai biyu sun daina zuwa saboda na mota, littattafai kuma ana karɓa-karɓa. Ta ce da wuya, ba ta san ko za su kai ƙarshen shekara ba. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

Ta ce, "Amma ka san wani abu, Malam? Tun da babu masu ba da kuɗi, babu ƙuri'a. Ranar da labari ya zo, Baban Saratu ya zo da kansa ya ɗauki bencin nan a ka ya shigar da shi aji. Saratu tana layin gaba yanzu, ta cika ni da tambaya."

Na ce to madalla, ko ba komai muryarta za ta huta.

Ta ce, "Wace hutawa? Wasu sun zo sun cika tagar. Su ko benci ba su da shi."